Bambancin ƙwayoyin gadon garkuwar jiki a tsakanin ire-iren tumaki

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa cuta ba ta kama tumaki daidai wa daida. A garke ɗaya, inda ake kiwo wuri ɗaya ana shan ruwan rijiya ɗaya, wata tunkiyar kan rame da shigar damina har ƙasan haɓarta ya kumbura, alhali 'yar uwarta na nan garau. Abinci da shekaru da yanayin haihuwa suna da nasu hannu a ciki, amma wani kaso mai yawa na wannan bambanci gadonsa ake yi daga rago da uwa. Ƙwayoyin gadon da ke tsara garkuwar jiki na cikin waɗanda suka fi kowanne yawan bambanci a jikin tunkiya, kuma masana kiwon dabbobi sun shafe shekaru da dama suna bin diddigin yadda wannan bambanci ya rarrabu a tsakanin ire-iren tumakin duniya.

An fara kiwon tumaki ne kimanin shekaru 11,000 da suka wuce a yankin Gabas ta Tsakiya, daga wata tunkiyar dawa mai zama kan duwatsu. Yau akwai tumaki fiye da biliyan ɗaya a duniya, kuma Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tattara sunayen ire-irensu fiye da dubu. Kowane iri ya taso ne a gaban cututtukan ƙasar da ya zauna. Tunkiyar da kakanninta suka yi dubban shekaru a dajin da ke da ƙudan tsando ba ta gaji makamai iri ɗaya da wadda ta taso a tsibirin ƙanƙara ba.

Yadda aka tsara gadon

Jikin tunkiya ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai kuromosom 54, rabi daga rago, rabi daga uwa. A kan waɗannan kuromosom ne ƙwayoyin gado suke jere, kowace ɗauke da umarnin ƙera wani furotin. Ƙwayar gado ɗaya na iya samun siga daban-daban a cikin garke, amma tunkiya guda ba ta ɗaukar fiye da siga biyu a kowane gurbi: ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. Idan sigogin biyu suka zo iri ɗaya, makami ɗaya ke nan take da shi a wannan gurbin. Idan suka bambanta, tana da biyu.

Garkuwar jiki kuwa hawa biyu ce. Hawa na farko shi ne wanda ake haihuwar dabba da shi, mai kai ɗauki nan take ba tare da ya taɓa ganin cutar ba. Masu gadi a wannan hawa su ne wasu furotin da ake kira TLR, waɗanda tunkiya ke da guda goma. Kowanne na gane wata alama da ƙwayoyin cuta ba su iya ɓoyewa: TLR4 na gane wani sinadari da ke jikin bangon wasu bakteriya, TLR5 na gane wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 kuma na gane wani nau'in kayan gadon bairos. An samu bambance-bambance a waɗannan ƙwayoyin gado tsakanin ire-iren tumaki, sai dai ba su da yawa sosai, domin alamomin da suke nema ba su cika sauyawa ba.

Hawa na biyu shi ne mai koyo da tunawa, wanda allurar rigakafi ke dogaro da shi. A nan ne bambancin gado ya kai matuƙa.

Rukunin MHC

A kan kuromosom na 20 na tunkiya akwai wani gungu na ƙwayoyin gado da ake kira MHC. Ɗan Adam ma yana da shi, kuma shi ne abin da likitoci ke gwadawa kafin a yi wa mutum dashen ƙoda. Aikin furotin ɗin MHC shi ne ya ɗauki ɗan guntun jikin ƙwayar cuta, ya fito da shi saman ƙwayar halitta, ya nuna wa fararen ƙwayoyin jini na rukunin T. Idan ba a nuna musu ba, ba za su san akwai baƙo a gida ba. Gano wannan tsari ne ya sa aka bai wa Peter Doherty da Rolf Zinkernagel lambar yabo ta Nobel a 1996. Shi Doherty, ɗan Ostireliya, asalin karatunsa likitancin dabbobi ne.

MHC aji biyu ne a wannan aiki. Aji na ɗaya yana kan kusan dukkan ƙwayoyin halittar jiki, yana fallasa abin da ya ɓuya a cikinsu, kamar bairos. Aji na biyu yana kan wasu keɓaɓɓun ƙwayoyin garkuwa ne kawai, yana nuna abin da suka haɗiyo daga waje, kamar bakteriya da ɓurɓushin tsutsar ciki. Kowane furotin na MHC yana da wani ɗan kwarmi da guntun ke zama a ciki, kuma surar kwarmin ce ke ƙayyade irin guntun da zai iya riƙewa, kamar yadda ba kowane mabuɗi ke shiga kowane kwaɗo ba. Ƙwayar gadon da aka fi nazari a tumaki ita ce DRB1, ta aji na biyu. An gano mata siga fiye da 100, kuma mafi yawan bambancin ya taru ne daidai wurin da ke tsara bangon kwarmin, ba a sauran jikin furotin ɗin ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana suka amince cewa cututtuka ne suka sassaƙa bambancin, ba haɗari kawai ba.

Akwai bayanai uku da ake kawowa game da abin da ya hana siga guda ta mamaye sauran. Na farko, tunkiyar da ke da siga biyu mabambanta tana iya nuna guntaye masu yawa fiye da mai siga ɗaya. Na biyu, ƙwayoyin cuta kan saba da sigar da ta fi yawa a garke, su koyi zille mata, sai sigar da ba ta da yawa ta zama mai amfani, ta yaɗu, ita ma daga baya a saba da ita. Na uku, cututtuka na sauyawa daga shekara zuwa shekara, daga wuri zuwa wuri. Bayanan ba sa korar juna. Wasu sigogin sun daɗe ƙwarai, har ana samun makamantansu a awaki da shanu, abin da ke nuna cewa sun girmi rabuwar waɗannan dabbobi daga tsatso ɗaya.

Tumakin tsibirin Hirta

Babu garken da ya koyar da masana wannan al'amari kamar wani garken tumaki marasa makiyayi da ke tsibiran St Kilda, can cikin teku a yammacin Sikotland. A 1930 aka kwashe mutanen ƙarshe da suka rage a babban tsibirin, Hirta. Bayan shekara biyu, a 1932, aka ɗebo tumaki 107 daga ƙaramin tsibirin Soay da ke kusa, aka sake su a Hirta. Ƙananan tumaki ne masu launin ƙasa-ƙasa, sun yi kama da tumakin zamanin da. Ba a ba su magani, ba a ƙara musu abinci, ba mai zaɓar musu rago. Yawansu kan hauhawa har ciyawa ta gaza, sai a yi wani hunturu mai tsanani da kan kashe fiye da rabinsu, yunwa da tsutsar ciki suna taimakon juna.

Tun daga 1985 masana ke sa wa kusan kowane ɗan tunkiyar da aka haifa a wani ɓangare na tsibirin lamba, suna auna nauyinsa, suna ɗibar jininsa, suna ƙirga ƙwan tsutsa a kashinsa, suna binsa har ranar mutuwarsa. A 1998 Steve Paterson da Ken Wilson da Josephine Pemberton suka wallafa cewa 'yan tumakin da ke ɗauke da wasu sigogi a yankin MHC sun fi yawan tsutsa kuma sun fi mutuwa, masu wata sigar kuma sun fi rayuwa. Wani binciken na 1999 ya nuna cewa tumakin da iyayensu 'yan uwan juna ne na kusa sun fi tara tsutsa, sun fi faɗuwa a mugun hunturu. Abin da ya ƙara wa wannan sakamako ƙarfi shi ne, a cikin tumakin da aka bai wa maganin tsutsa don gwaji, bambancin ya ɓace. Ke nan tsutsar ce ke tace garken.

Daga baya an gano cewa jerin sigogi takwas ne kacal na MHC aji na biyu ke yawo a garken baki ɗaya, kuma duk da mace-macen da ake ta yi shekara da shekaru, babu ɗaya da ya kore sauran. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya haska dalili ɗaya: tumakin da jininsu ya fi yawan sinadaran kariya sun fi tsallake hunturu mai tsanani, amma sun fi ƙarancin haihuwa. Kowane allazi da nasa amanu. A shekarar wahala masu ƙarfin garkuwa ke cin riba, a shekarar yalwa kuma masu yawan haihuwa.

Irin wannan ciniki ya bayyana a tumakin madara na Lacaune a Faransa. A 2015 aka gano wani ɗan sauyi a ƙwayar gadon SOCS2 wanda ke ƙara girman jiki da yawan madara, amma yana ƙara kumburin hantsa. Zaɓen tumaki masu yawan nono na iya jawo wannan siga tare da shi ba tare da mai garke ya sani ba.

Tsutsar ciki

A ƙasashe masu zafi babu tsutsar da ta kai Haemonchus contortus ɓarna. Tana zama ne a ɓangare na huɗu na cikin tunkiya tana tsotsar jini. Mace guda kan saki ƙwai dubbai a rana, kuma tunkiyar da ta tara tsutsa dubu biyar na iya rasa jinin da ya kai rubu'in lita kowace rana. Alamarta ita ce fari a cikin fatar ido, da kasala, da kumburin ƙasan haɓa. A arewacin Najeriya, binciken da aka yi a yankin Zariya ya nuna cewa ƙananan tsutsotsin kan lafe a jikin bangon ciki duk tsawon rani, sai ruwa ya kusa sauka su farka, shi ya sa cutar kan tsananta da farkon damina, lokacin da dabbobi suka fi rama. Magungunan tsutsa kuma sun fara gazawa a ƙasashe da yawa, musamman Afirka ta Kudu da Ostireliya da Kudancin Amurka, inda tsutsotsin suka saba da su.

Juriyar tsutsa abu ne da ake gada. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa galibi kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na bambancin yawan ƙwan tsutsa tsakanin tumaki daga gado yake. A tumakin Scottish Blackface na Sikotland an danganta wata siga ta DRB1, mai lamba 1101, da ƙarancin ƙwan wata tsutsar ciki ta ƙasashen sanyi. An kuma sha nuna yatsa ga yankin ƙwayar gadon intaferon gama da ke kan kuromosom na 3. Sai dai sau da yawa sigar da ta yi amfani a wani iri ba ta nuna komai idan aka gwada ta a wani irin, ko a wata ƙasa.

Tumakin Red Maasai na Kenya da Tanzaniya su ne misalin da aka fi ambata a Afirka. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka tabbatar da cewa sun fi sauran ire-ire jure wa Haemonchus. A daidai wannan zamani kuma ake ta yaɗa ragunan Dorper, wani iri mai saurin girma da aka samar a Afirka ta Kudu, har tsantsar Red Maasai ta yi wuyar samu a wurare da dama. Gwajin da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa, ILRI, ta gudanar a shekarun 1990 ya nuna cewa a gaɓar tekun Kenya mai laima, inda tsutsa ta yi yawa, Red Maasai sun fi Dorper amfani nesa ba kusa ba, saboda 'ya'yan Dorper na mutuwa da yawa. A tudu mai ƙarancin ruwa kuwa tazarar ta ragu ƙwarai. Da aka binciki jikokin da aka samu daga haɗa ire-iren biyu don gano inda juriyar take, ba a samu ƙwayar gado guda mai ɗauke da ita ba. An same ta a warwatse a kan kuromosom da yawa, kowane wuri da ɗan abin da yake bayarwa.

Wannan ne ya sa ƙasashen da suka yi nisa a harkar, irin su Ostireliya da Nuzilan, suka fi dogaro da auna dabbar kanta: a ƙirga ƙwan tsutsa a kashin 'yan raguna, a haɗa da bayanan danginsu, a zaɓi waɗanda za su yi barbara. Hanya ce mai ɗaukar lokaci, amma ta yi aiki.

Inda ƙwayar gado guda ta yi tasiri babba

Akwai cututtuka ƙalilan da sauyi ɗaya ke yanke hukunci a kansu. Mafi shahara ita ce sikirafi, cutar ƙwaƙwalwa mai sa tunkiya ta riƙa goga jikinta da itace ko bango har ta mutu, wadda aka sani a Birtaniya tun ƙarni na 18. Wani gurɓataccen furotin ne ke haddasa ta, kuma ko da yake ƙwayar gadon PRNP da ke tsara shi ba ta cikin garkuwar jiki kai tsaye, ana lissafa ta cikin masu ƙayyade juriyar cuta. Wurare uku ne a jikin furotin ɗin suka fi muhimmanci: na 136, na 154 da na 171. Sigar da ake kira ARR na ba da kariya mai ƙarfi, VRQ kuma ita ce mafi rauni. A 2001 Birtaniya ta ƙaddamar da shiri na ƙasa na gwada raguna da kawar da masu VRQ daga barbara, cutar kuwa ta ragu ainun. Duk da haka an tanadi maniyyin wasu ragunan da aka cire a ma'ajiyar sanyi, don gudun kada a rasa wasu halaye tare da su. Taka-tsantsan ɗin na da hujja, domin a 1998 an gano wani nau'in sikirafi na daban a Norwe, wanda ke kama har da masu ARR.

Ƙasar Aislan ta ga ɓangarorin biyu na lamarin. Tumakinta sun iso ne tare da mutanen farko da suka zauna a tsibirin fiye da shekaru dubu da suka wuce, suka kuma daɗe a ware. A 1933 aka shigo da tumakin Karakul 20 daga Jamus don inganta fata. Sun zo lafiya lau a ido, amma suna ɗauke da wani bairos mai saurin ɓuya da jinkirin kisa. Ya bazu a tumakin ƙasar, waɗanda ake tsarewa a ɗaki wata da watanni saboda sanyi, ya zama cutar huhu da ta ƙwaƙwalwa da yanzu duniya ta sani da sunan da mutanen Aislan suka raɗa mata, maedi-visna. Sai da aka yanka dubban ɗaruruwan tumaki, yanki bayan yanki, kafin a raba ƙasar da ita a shekarun 1960. A 2012 masana a Amurka suka gano cewa sauyi ɗaya a wuri na 35 na furotin ɗin TMEM154 na rage yiwuwar kamuwa da wannan bairos idan tunkiya ta gaje shi daga iyaye biyu, ko da yake wasu nau'o'in bairos ɗin na iya ƙetare shi.

A ɗaya ɓangaren, an daɗe ana ɗaukar cewa babu sigar ARR a tumakin Aislan, don haka duk garken da sikirafi ta ɓulla a cikinsa sai a yanka shi gaba ɗaya. A farkon 2022 aka gano sigar a cikin wasu 'yan tumaki ƙalilan a wata gona da ke gabashin ƙasar. Daga waɗannan da ire-irensu da aka samu daga baya ake yaɗa ta yanzu.

Tumakin Najeriya da maƙwabta

Najeriya na da tumaki fiye da miliyan 40, kuma manyan ire-irensu huɗu ne. 'Yankasa su ne mafi yawa da yaɗuwa, farare masu baƙi a kewayen ido da kunne da baki. Uda dogaye ne masu dogon kunne, gabansu baƙi ko ja, bayansu fari, kuma an fi ganin su a hannun makiyaya masu tafiya a arewa mai nisa da Jamhuriyar Nijar. Balami, farare masu lanƙwasasshen hanci, sun fi kowanne girma, cibiyarsu arewa maso gabas. Sai gajerun tumakin kudu, waɗanda a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kira Djallonké, da ake samu daga Senegal har Kamaru da gaba. A Nijar akwai kuma Bali-bali da Ara-ara, da Koundoum mai ulu ta bakin kogin Kwara, wadda yawanta ya ragu ƙwarai.

Gajerun tumakin kudu sun yi fice wajen jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa. Ba wai ba sa kamuwa ba ne. Suna kamuwa, amma jininsu ba ya tsinkewa da sauri kamar na tumakin Sahel, suna ci gaba da ci da haihuwa muddin abinci bai gaza ba. Gwaje-gwajen da aka yi a cibiyar binciken juriyar sammore da ke Gambiya sun nuna cewa ruwa-biyun da aka samu daga haɗa su da tumakin Sahel sun fi girma, amma juriyarsu ba ta kai ta tsantsar Djallonké ba. Nazarin gado a Burkina Faso ya nuna cewa jinin tumakin Sahel na ƙara kutsawa kudu cikin garkunan Djallonké, saboda fari ya tura makiyaya kudu, dazuzzuka sun ragu, kuma kasuwa ta fi son babban rago. An kuma gano cewa tumaki marasa ulu na tsibiran Karibiyan, irin su Barbados Blackbelly, waɗanda suka shahara da jure wa tsutsar ciki, suna ɗauke da jinin tumakin Afirka ta Yamma da aka ƙetara da su a zamanin cinikin bayi.

Nazarin da aka yi kan ire-iren Najeriya huɗu ya nuna abin da aka gani a sauran duniya: mafi yawan bambancin gado yana cikin kowane iri ne, ba a tsakanin iri da iri ba, kuma jini na gudana tsakaninsu ta hanyar kasuwanni da burtali. Babban binciken da aka wallafa a 2012 kan tumaki 2,819 daga iri 74 na duniya ya gano cewa tumaki sun riƙe bambancin gado fiye da yawancin shanun Turai da aka tace. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce, a cikin 'Yankasa kansu akwai masu juriya da marasa juriya, kuma ana iya inganta garke ba tare da an nemo baƙon iri ba. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan waɗannan tumaki, musamman 'Yankasa.

Barazanar da ta fi kusa ba ta ɗakin gwaji ba ce. A garkunan cikin gida masu tumaki biyar ko goma, rago ɗaya kan yi shekaru yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, abin da ke ƙara yawan tumakin da suka gaji siga iri ɗaya daga ɓangarorin biyu. Haka kuma gabanin Babbar Sallah, ragon da ya fi lafiya da cika ido shi ne ake turkewa a sayar don layya, sau da yawa kafin ya bar zuriya, ƙaramin da ba a taya ba shi ke saura da tumaki. Musayar raguna tsakanin maƙwabta ko ƙauyuka duk bayan shekara ɗaya ko biyu, da ware ragon barbara daban da na kasuwa, na rage illolin biyu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Iyakar abin da gado ke iya yi

Gado mai kyau ba ya maye gurbin kulawa. Ana haihuwar ɗan tunkiya kusan babu sinadaran kariya a jininsa, domin mahaifar tunkiya ba ta bari su ƙetara, sai ya sha dakashi a sa'o'in farko kafin hanjinsa ya daina karɓar su. Uwa ma garkuwarta kan yi sanyi daf da haihuwa da lokacin shayarwa, sai ƙwan tsutsa ya ƙaru a kashinta. Ƙarin abinci mai gina jiki, kamar harawa da ƙulin auduga, na rage wannan rauni, har a irin da aka sani da juriya.

Akwai kuma cututtukan da babu irin da ya tsira daga gare su. Annobar PPR, mai kawo zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo ga awaki da tumaki, an fara bayyana ta ne a Kwaddebuwa a 1942. Maganinta rigakafi ne, kuma allurar da aka fi amfani da ita a Afirka an samar da ita ne daga wani bairos da aka ware a Najeriya a 1975, shi ya sa ake kiran ta Nigeria 75/1. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato na cikin masu sarrafa ta. A 2015, a birnin Abidjan, aka amince da shirin kawar da cutar daga duniya nan da 2030.

Ga tsutsar ciki kuwa, akwai wata hanya mai sauƙi ta gane tumakin da suka fi rauni. A shekarun 1990 likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu suka ƙirƙiro katin FAMACHA, mai launi biyar daga ja zuwa fari, wanda ake gwadawa da cikin fatar idon tunkiya don gane yawan jinin da ta rasa. Waɗanda idonsu ya yi fari kaɗai ake bai wa magani, abin da ke jinkirta sabawar tsutsa da shi. A kowane garke, tumaki kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar, kuma galibi su ne dai ke sake buƙatar magani damina bayan damina. Mai garken da ke rubuta sunayensu ko lambobinsu zai san cikin shekara biyu ko uku waɗanda ya kamata ya fara sayarwa, da uwayen da ya kamata ya zaɓi ragon barbara daga cikin 'ya'yansu.